Bin Sawun Lewis Hine, Mai Hoton Yaran Masana'antu a Amurka

Wanda ke son ya ga yadda hoto ya zama hujjar da aka kafa doka a kanta, daga Washinton ya kamata ya fara, kuma can na fara. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka gine-gine uku ne a kan tudun da majalisar take, sashen hotuna kuwa yana hawa na uku a ginin Madison. Ba a shiga sai da katin mai karatu, wanda ake yi kyauta ga duk wanda ya kai shekara 16 idan ya nuna fasfo ko wata shaida mai hoto. A nan ake ajiye da hotuna sama da 5,000 da Lewis Hine ya ɗaukar wa Kwamitin Ƙasa Kan Aikin Yara tsakanin 1908 da 1924. Kwamitin ne ya miƙa su a 1954, a jere cikin kundaye bisa sana'a: gona, masana'antun gwangwani, ma'adinan kwal, gidajen narka gilashi, masaƙu, tallar titi, da aikin da ake kai wa iyalai su yi a ɗakunan haya. An riga an zuba su a intanet, kowa na iya saukewa daga inda yake. Amfanin zuwa da ƙafa shi ne ka samu ma'aikatan da suka san tarin ciki da waje, kuma a sashen rubuce-rubuce na ginin akwai rahotannin da masu binciken kwamitin suka riƙa aikowa daga wuraren da suka je.

Hine malamin makaranta ne kafin ya zama mai hoto. An haife shi a garin Oshkosh na jihar Wisconsin a 1874, ya karanci ilimin zamantakewa, ya koyar a Niyok, inda ya fara ɗaukar hoton baƙin da ke shigowa ƙasar ta tsibirin Ellis. Kwamitin da ya ɗauke shi aiki an kafa shi a 1904, kuma ba alƙaluma ya rasa ba. Ƙidayar 1900 ta nuna yara kusan miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin neman kuɗi, wato kimanin 18 cikin kowane 100, ban da 'yan ƙasa da shekara 10 da ba a ƙirga ba. Amma alƙaluma kaɗai ba sa sa mutum ya ajiye cokali. Masu masana'antu kuma sukan ce su dai babu yaro a wurinsu, sai dai ko a na maƙwabci. A 1908 aka ba Hine albashi da kuɗin hanya, aka ce ya je ya kawo abin da ba za a iya musu ba.

Mai kallo fuskoki yake fara gani, amma ƙarfin tarin yana cikin rubutun da ke ƙasan kowane hoto. Ga misali ɗaya daga masaƙar Whitnel ta Karolina ta Arewa, a Disambar 1908. Yarinya ce tsaye tsakanin injinan kaɗi biyu. Bayanin ya ce tsayinta inci 51, shekararta ɗaya a masaƙar, wani lokaci har da aikin dare, ɓangare huɗu na inji take kula da su, ladanta sent 48 a rana. Da aka tambaye ta shekarunta sai ta ce ba ta tuna ba, can kuma ta rage murya ta ce ba ta isa aiki ba amma tana yi. Cikin ma'aikata 50 na wurin, goma yara ne masu girmanta. Duba abin da waɗannan layukan suka yi: inci 51 bai wuce santimita 130 ba, sent 48 a raba huɗu ya ba da sent 12 kan kowane ɓangare, ga sunan gari, ga wata, ga shekara. Duk ɗan majalisar da ya yi shakka yana iya tura mutum ya je ya auna. Hine da kansa ya faɗa a wani taro a 1909 cewa ko da hoto ba ya ƙarya, maƙaryaci na iya ɗaukar hoto, don haka bai yarda a gyara fuska ko a ƙara duhu a hotunansa ba. Ya san hoto ɗaya tak da aka kama da algus ya isa a watsar da sauran duka.

Tattara wannan bayani shi ne rabin aikin. Ba a shiga masaƙa da tef ɗin awo, saboda haka ya haddace tsayin kowane maɓallin falmaransa daga ƙasa. Yaro ya tsaya kusa da shi, ya ga maɓallin da kansa ya kai, shi ke nan ya san tsayinsa. Ba a fito da littafi a gaban shugaban aiki, sai ya riƙa rubutu da guntun fensir a cikin aljihu, hannunsa a ɓoye. A bakin ƙofa yakan ce shi mai duba rigakafin gobara ne, ko mai sayar da Baibul, ko mai ɗaukar hoton injina, sannan ya roƙi a tsayar da yaro a gefen inji don a ga girman injin. Inda aka hana shi shiga, sai ya kafa kyamara a waje tun kafin asuba ko lokacin tashi, ya ɗauki masu shiga da fita. Da yamma ya bi su gida, ya nemi a nuna masa shafin Baibul ɗin iyali inda ake rubuta ranar haihuwa, ko ya duba rajistar makaranta.

Daga Washinton zuwa Scranton a jihar Pennsylvania tafiyar kusan awa huɗu ce a mota, arewa. Tun kafin garin Wilkes-Barre ake fara ganin baƙaƙen tuddai a gefen hanya, da siraran bishiyoyi masu farin ɓawo a kansu. Tarin dutse ne da sharar da aka ware daga kwal shekara da shekaru, kuma wani kaso nasa da yatsun yara aka tsince shi.

A filin shaƙatawa na McDade da ke Scranton akwai tsohon ramin kwal da aka mayar wurin ziyara, ana buɗe shi daga Afrilu zuwa Nuwamba. Keken ƙarfe ke saukar da mutane a kan dogo mai gangara, zurfin ƙafa 300, kusan mita 90. Sanyin ciki ba ya wuce digiri 12 ko da wane lokaci ne, don haka a tafi da rigar sanyi da takalmi mai rufi. A ciki ne na fahimci ayyukan da ake karantawa a ƙasan hotuna. Akwai yaron ƙofa. Ramin yana da ƙofofin katako masu nauyi da ke tilasta wa iska bin hanyar da aka tsara mata, ta kai ga inda ake haƙa. Aikin yaron ya zauna shi kaɗai a bakin ƙofa, wuni guda, da 'yar fitila a hula, in ya ji ƙarar kekunan kwal ya buɗe, su wuce ya rufe. In barci ya sace shi, kekunan su daki ƙofar ko su bi ta kansa. In ya bar ta a buɗe, iska ta yanke hanya, gas ya taru a can ƙurya, fitila ɗaya ta ishi wurin ya fashe. Akwai kuma yaron birki, wanda ke gudu a gefen kekuna masu gangarowa yana cusa guntun itace tsakanin ƙarafan taya don ya tsayar da su. Kuskuren taku ɗaya, yatsu sun tafi. Wanda ya ɗan tasa sai a ba shi alfadari ya riƙa jan kekuna.

Amma mafarin duka shi ne gidan fasa kwal, a saman ƙasa. Kwal ɗin wannan yanki mai tauri ne, yana fitowa haɗe da dutse mai kama da shi, wanda ba ya cin wuta. Ana jan keke har ƙololuwar wani dogon gini a juye, kwal ya bi ta cikin gungumen ƙarfe masu haƙora su farfasa shi, ya wuce rariyoyi da ke ware shi bisa girma, sannan ya gangaro ta kwararon ƙarfe. A kan waɗannan kwararo aka gitta katakai, yara na zaune a jere, baya a tanƙware. Yaro ya sa ƙafa ya tare kwal, ya tsince dutsen ya jefa gefe, ya ɗaga ƙafa ya sake shi ga na ƙasa da shi, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake, sai dai waken nan gudu yake yi kuma yana da kaifi. Awa goma a rana, kwana shida a mako. Ba a barin safar hannu, don tana hana yatsa bambance kwal da dutse. Ruwan da ke jikin kwal yana da sinadarin farar wuta, sai ya cinye fatar kan yatsu su tsage su yi ja, har sai sun yi kanta. Ƙurar kuwa takan sa su ɗaura ƙyalle a hanci, da yawansu su riƙa taunar taba wai don maƙogwaro kada ya bushe.

A Janairun 1911 Hine ya shiga gidan fasa kwal na Ewen a South Pittston, 'yan mil kaɗan daga Scranton. Hotunan cikin ginin ba su fita tas ba, hasken taga ya watse cikin hazo, kuma ya rubuta dalili: ƙurar takan yi kauri har ta rufe gani. Ya ƙara da cewa akwai mai tsaro da kan tsaya a kansu yana zungurarsu ko yana harbinsu da ƙafa. Na ɗauki wannan a matsayin gwaninta. Wani mai hoton zai ga ƙura ta ɓata masa aiki. Shi ya mayar da ita shaida. Sannan ya fito da yaran waje ya jera su a hasken rana, inda ake iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a kuma kimanta shekarunsu. Ai dokar jihar ta 1885 ma ta riga ta ce sai ɗan shekara 12 zai yi aiki a gidan fasa kwal, ɗan 14 a cikin rami. Abin da ya kashe dokar takardar rantsuwa ce: uba ya biya sent 25, a buga masa hatimi cewa ɗansa ya kai. Iyayen yawancinsu baƙi ne daga Polan, Lituweniya, Italiya da sauransu, a gidan kamfani suke haya, a kantin kamfani suke cin bashi, kuma ranar da dutse ya danne maigida, ladan yaro ne abincin gidan.

Ba za ka ga irin wannan gini a tsaye ba yanzu. An rushe na Huber da ke Ashley a 2014, na St. Nicholas kusa da Mahanoy City a 2018. Wanda ke ƙauyen ma'aikata na Eckley, da masu ziyara ke ta ɗauka a waya, don wani fim aka gina shi a ƙarshen shekarun 1960, bai taɓa fasa kwal ba. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya, ba hoto kaɗai ya tashi yara daga kan katakan nan ba. An ƙirƙiro injinan da ke ware dutse da ruwa da yashi bisa bambancin nauyi, suka fi yaro arha, dokokin tilasta zuwa makaranta kuma suka ƙara ƙarfi. Abin da hoto ya yi shi ne ya sa ci gaba da amfani da yara ya zama abin kunya mai tsada.

Daga nan na nufi birnin Rochester a jihar Niyok, gidan tarihin hoto na George Eastman, inda dubban hotunan Hine da dodanninsu, wato gilashi ko fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, suke. Wanda ya saba da waya ba zai gane wahalar hoto ɗaya a 1908 ba sai ya ga irin kyamarar. Akwati ne na katako mai zugazugin fata, yana ɗaukar farantin gilashi mai inci 5 da 7, wato wajen santimita 13 da 18, an shafa masa sinadari mai kama haske. Ga yadda ake yi. A kafa mazauni mai ƙafa uku, a ɗora akwati, a buɗe idon kyamara, a lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, a duba surar a jikin gilashin saiti, inda take fitowa kai a ƙasa. A matsa zugazugi gaba ko baya har fuska ta fita. A rufe ido. A zura ma'ajin faranti, wanda ke ɗauke da gilashi biyu, ɗaya a kowace fuska. A zare murfinsa. Daga wannan lokaci mai hoto ba ya ganin komai ta cikin kyamara, sai dai ya roƙi yaro kada ya motsa. A ɗauka, a mayar da murfi. Wanda ya manta rufe ido kafin zare murfi ya ƙona farantin, wanda ya manta juya ma'aji ya ɗora hoto biyu a kan gilashi ɗaya. Kayan duka sun kai kilo 20 ko fiye, gilashi kuma fashewa yake yi a jirgin ƙasa.

Inda babu haske sai garin walƙiya: magnesiyam da aka gauraya da sinadari mai hura wuta, a zuba a ɗan faranti mai mariƙi, a ɗaga sama a kunna. Yakan tashi da ƙara da farin hayaƙi. Ya yi yawa ya ƙona gira da hannu, ya yi kaɗan hoto ya fito baƙi, ya sha damshi ya ƙi kamawa. Kuma sau ɗaya ake samu, domin hayaƙi ya cika ɗaki, shugaban aiki ya riga ya taho. Da shi aka ɗauki yaran gidan gilashi na Indiana da tsakar dare a 1908. A masaƙa kuwa, inda burbushin auduga ke yawo a iska, kunna wuta ganganci ne, shi ya sa yawancin hotunan masaƙu da hasken taga aka ɗauke su, yarinyar na tsaye a layin da ke kusa da bango. Ƙarancin haske ya tilasta buɗe idon kyamara sosai, wanda ke sa ɗan taƙi kaɗan ne ke fita tas. Sai fuskar yarinya ta fito sarai, dogon inji ya miƙe bayanta yana dushewa. Larura ce ta haifi wannan salo, amma ya yi aiki. Haka kuma yakan sauke kyamara daidai tsayin idon yaro, mai kallo ya haɗa ido da shi a matsayin mutum. A ganina wannan ne ya raba Hine da masu ɗaukar talaka daga sama don a ji tausayi a wuce.

Yadda kayan suka zo Rochester abin takaici ne. Hine ya ɗauki hotunan aikin ginin dogon benen Empire State na Niyok a 1930 da 1931, amma daga baya aiki ya yanke masa, ya rasa gidansa, ya rasu cikin talauci a Nuwambar 1940. Ɗansa ya ba wata ƙungiyar masu hoto ta Niyok kayan, babban gidan zane-zanen zamani na birnin ya ƙi karɓa, gidan Eastman ya karɓa a shekarun 1950.

A kusurwar kudu maso yammacin jihar Vermont akwai ƙauyen North Pownal, a bakin kogin Hoosic. Masaƙar da ke nan ta koma majema daga baya, sannan aka rushe ta, fili ne kawai yanzu. A nan ne a 1910 aka ɗauki ɗaya daga cikin hotunan da suka fi shahara: siririyar yarinya ba takalmi, riga duk maiƙo, ta jingina hannu a kan injin kaɗi. Bayanin ya ce shekararta 12, amma 'yan matan wurin sun ce 10. An sa hoton a kan tambarin aika wasiƙa na Amurka a 1998. Shekara kusan 100 ana kiranta Addie Laird, kuma duk wanda ya nemi wannan suna a rajistar garin bai same shi ba. Sai a shekarun 2000 masu bincike suka bi ƙidayar 1910 gida-gida suka gano Addie Card ce. Rubutun fensir ne aka karanta ba daidai ba lokacin kwafewa. Ta rayu har 1993, kuma rajista ta tabbatar shekararta 12 ɗin ce a ranar hoton. Ga raunin rubutu a cikin aljihu ke nan, kuma darasi ne ga mai irin wannan aiki: a sake kwafe bayani da tawada a daren ranar, a sa lamba ɗaya a jikin hoto da takarda.

Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne ƙara. Don ita na ratsa zuwa Lowell a Massachusetts, inda gidan tarihin masaƙar Boott ke da ɗaki mai injinan saƙa sama da 80 irin na shekarun 1920. Ana ba mai shiga abin toshe kunne, kuma ko kaɗan daga cikinsu aka tayar, daɓen katako rawa yake yi, na kusa da kai sai ya yi ihu. A nan ake ganin aikin da idanu. Injin kaɗi dogo ne, kowane ɓangare da mazarai sama da ɗari suna juyawa. Mai kaɗi, yawanci yarinya, tana kai da komowa tana neman zaren da ya tsinke, ta kama bakin biyu ta murza su haɗe inji na gudu. Yara maza su ne masu cire kwarkwaron da ya cika su sa fanko. A masaƙar Bibb ta Macon a Jojiya, Hine ya ɗauki yara biyu a Janairun 1909 da suka hau jikin inji don hannunsu ba ya kaiwa, ɗaya ba takalmi, ƙafarsa dab da bel mai gudu. Ana rufe tagogi a kuma jiƙa iska da gangan don zare kada ya bushe ya tsinke, sai zafi da damshi da ƙurar auduga su taru a ƙirji.

Jihohin kudancin ƙasar su ne fagen daga, can na ƙarasa. Lancaster a Karolina ta Kudu tafiyar kusan awa ɗaya ce daga birnin Charlotte na Karolina ta Arewa. Babbar masaƙar garin ta rufe a 2003 aka rushe ta, amma layukan ƙananan gidajen ma'aikata suna nan. A ranar 30 ga Nuwamba 1908 aka ɗauki Sadie Pfeifer a ciki, tsayinta inci 48, wata shida tana aiki. Jihar tana da doka tun 1903 da ta kai ƙarancin shekaru zuwa 12, amma da ƙofofi a buɗe: maraya da ɗan gwauruwa da ɗan naƙasasshe an yafe musu. Babu rajistar haihuwa ta jiha sai 1915, a Karolina ta Arewa 1913, a Jojiya 1919, to wa zai ƙaryata uba? Ga kuma dabarar 'yan taya aiki: ƙaramar yarinya ba ta cikin littafin biya, wai yayarta take taya, ladan ya shiga sunan yayar. Mai duba littafi ba zai ga yaro ko ɗaya ba. Gidan kamfani ma gwargwadon hannayen da iyali ya kawo ake bayarwa. Irin wannan ɓoyo, kyamara ce kaɗai ke tona shi.

Kwamitin bai bar hotunan a kundi ba. An buga su a mujallu da ƙasidu, an yi fastoci, an zaga da su baje koli gari-gari, Hine da kansa ya riƙa nuna su a majigi yana bayani, an kuma ajiye su a gaban kwamitocin majalisa. A 1912 aka kafa Ofishin Kula da Yara na tarayya, Julia Lathrop ta shugabance shi. A 1916 Shugaba Wilson ya sa hannu a dokar Keating da Owen, wadda ta hana ƙetara iyakar jiha da kayan masana'antar da ke ɗaukar 'yan ƙasa da 14, ko ma'adinan da ke ɗaukar 'yan ƙasa da 16, ko inda 'yan 14 zuwa 16 ke wuce awa takwas a rana ko suke aikin dare.

Daga Charlotte aka ƙulla ƙarar da ta karya ta. David Clark, mai wata mujallar masu masaƙu, shi ya nemo ma'aikaci mai suna Roland Dagenhart da 'ya'yansa biyu ke aiki a masaƙa, aka shigar da ƙara da sunansa cewa an tauye masa haƙƙin cin ladan 'ya'yansa. A Yunin 1918 Kotun Ƙoli ta soke dokar da alƙalai biyar a kan huɗu, wata tara kacal da fara aiki da ita. Bayan 'yan shekaru wani ɗan jarida ya samu babban ɗan, Reuben, ya ce shi bai ga abin da ya ƙaru da shi ba, da ma ba su ci shari'ar ba ya samu karatu. Majalisa ta sake gwadawa da harajin kashi 10 cikin 100 a kan ribar masu ɗaukar yara, kotu ta soke a 1922. Aka nemi gyara tsarin mulki a 1924, jihohi 28 suka amince, ana buƙatar 36. Sai a 1938 aka samu dokar ƙa'idojin aiki ta zamanin Shugaba Roosevelt: shekara 16 ga aikin masana'anta, 18 ga aiki mai haɗari. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Fabrairun 1941, wata uku bayan rasuwar Hine. Shekara 30 ke nan tsakanin hoton Sadie da dokar. A tsakanin, jihohi da dama sun gyara nasu dokokin, ƙidayar 1920 kuma ta nuna adadin ya sauko zuwa kusan miliyan ɗaya, ko da yake a watan Janairu aka yi ta, lokacin da babu aikin gona, don haka raguwar ba ta kai yadda take a takarda ba.

Akwai waɗanda kundayen ba su cika nunawa ba. A wancan lokaci masaƙun Kudu ba sa ɗaukar baƙar fata aiki a cikin ɗakin inji, saboda haka yaran hotunan masaƙa farare ne kusan duka, kuma da su aka fi motsa zukatan masu zaɓe. 'Ya'yan baƙar fata suna gonakin auduga da taba. Mafi yawan yara masu aiki a ƙasar ma a gona suke, kuma gona ce dokar 1938 ta bari a baya.

Aikin bai ƙare a masana'anta ba ma. A Fabrairun 2023 Ma'aikatar Ƙwadago ta ci tarar wani kamfanin share mayanka dala miliyan 1.5, bayan ta samu yara 102 'yan shekara 13 zuwa 17 suna wanke zartunan yanka nama da sinadarai masu ƙuna a aikin dare, a mayanka 13 cikin jihohi takwas. Dala 15,138 ke nan kan kowane yaro, iyakar abin da doka ta yarda a ci a lokacin.

Hanyata ta ƙarshe ta bi gabashin Karolina ta Arewa, ƙasar taba, gonaki shimfiɗe hagu da dama. Dokar tarayya ta yarda ɗan shekara 12 ya yi aikin gona da izinin iyaye, ba iyakar awoyi muddin ba lokacin makaranta ba ne, ɗan 16 kuma ya yi mai haɗari. Ganyen taba in ya jiƙe da raɓa ko gumi, nikotin na ratsa fata ya shiga jini, sai amai da jiri da ciwon kai, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin kamuwa. Ma'aikata kan huda baƙar ledar shara su sa a matsayin riga don kare jiki, ita kuma ta ƙara musu zafi. A 2014 ƙungiyar Human Rights Watch ta yi hira da yara 141 'yan shekara 7 zuwa 17 a jihohi huɗu masu noman taba, kusan kashi uku cikin huɗu suka ce sun yi rashin lafiya a bakin aiki. Ma'aikatar Ƙwadago ta taɓa kawo ƙa'idar da za ta hana 'yan ƙasa da 16 aikin taba a 2011, ƙungiyoyin manoma suka taso, aka janye ta a Afrilun 2012.